Ɓarawon da Ya Tsaya Cire Ciyawa

Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci na safe Auta ta buɗe firjin masaukin, ta tsaya riƙe da ƙofarsa ta kasa motsi. Kwalaben madara suna nan, ƙwai yana nan, har ragowar kankanar jiya tana nan. Akwatin ne kawai babu.

Akwatin roba ne mai shuɗin murfi, ba wani abin a zo a gani ba. Amma a cikinsa akwai ambulan arba'in da takwas, kowace da irin tsiro daban da lambarta a jiki, kuma wata huɗu Auta ta yi tana hawa duwatsu tana tara su. Zangon karatu ɗaya jami'arsu ta turo ta wannan ƙasa ta karanci ilimin tsirrai, ita da ƙawarta Doguwa, kuma akwatin nan shi ne jarrabawarta gaba ɗaya. Farfesansu ya ce ƙarfe huɗu na yammacin yau zai rufe ofis ya tafi hutu, wanda bai kawo nasa ba zangonsa ya tashi a banza. Daga masaukin zuwa jami'ar kuwa tafiyar awa uku ce a mota.

Kukanta ne ya fito da kowa. Uwar masauki ta sauko da tawul a kai, kuku ya leƙo da tsumma a hannu, direban motar da suka yi haya ya shigo yana ɓalla maɓallin riga. Doguwa ta rungume ta. Inna, mahaifiyar Auta, tana shigowa daga waje ta buɗe baki za ta yi magana, sai Auta ta riga ta.

"Ko an samo shi, in dai an buɗe ambulan ɗin nan an cakuɗa su, na shiga uku. Gara ma a ce min sacewa aka yi."

Inna ta rufe bakinta, ta ja kujera ta zauna.

Na ƙarshen shigowa shi ne Kawu, yayan Inna. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin sawu a gandun daji, na dabba da na masu satar dabba, kafin gwiwa ta ce masa ya isa. Mako guda ke nan da shi da ƙanwarsa suka hau jirgin sama karon farko a rayuwarsu, suka zo ɗaukar Auta, aka haɗa da yawon buɗe ido na kwana biyar. An kai shi gidan tarihi, an hau da shi wani bene mai hawa sittin, an ɗauke shi hoto har haƙoransa suka gaji. Duk inda aka je ƙorafinsa ɗaya ne: an bi ƙasar nan an shafe ta da kwalta da siminti, mutum dubu za su wuce ba ka san ko ɗaya ya wuce ba. Sai jiya da suka sauka a wannan masauki na bakin tafki, mai lambu da turɓaya, aka ga ya saki fuska.

Ya dubi 'yar ƙanwarsa tana kuka, tausayinta ya kama shi sosai. Amma a faɗi gaskiya, Allah ya yafe masa, can ƙasan zuciyarsa wani ɗan daɗi ya motsa.

"Kada kowa ya fita ta ƙofar baya," in ji shi. "Doguwa, faɗa musu da yarensu. Auta, share hawayenki. Ƙarfe nawa ya kamata mu bar nan?"

"Ɗaya, Kawu. In ta wuce ɗaya shi ke nan."

"To ku ba ni zuwa sha ɗaya."

Kafin ya gama rufe baki zargi ya fara yawo a ɗakin. Uwar masauki ta ce ta ji an buɗe ƙofar baya da sassafe, tana faɗa tana kallon takalmin Doguwa da ke jiƙe. Direba ya ce shi dai ya san wanda ya fi kowa buɗe firji a gidan nan. Kuku ya ce wanda yake da but ɗin mota shi yake da wurin ɓoye kaya. Doguwa tana fassarawa tana rage wa maganganun zafi, amma hararar da ake yi ba ta buƙatar tafinta.

* * *

Da kicin Kawu ya fara. Ya durƙusa da ƙyar, ya kara kuncinsa kusa da daɓe, ya daɗe yana kallo. An goge wurin tas, tun daga gindin firji har bakin ƙofa.

"Doguwa, tambayar min shi, kullum da sassafe yake goge ƙasa?"

Kuku ya ce e, kullum. Kawu ya nuna masa ƙarƙashin tebur, inda ɓawon albasar jiya yake kwance abinsa babu wanda ya dame shi. Ya kuma buɗe firjin ya sa hannu a ciki, ya ciro kwalbar madara ya ɗora wa kuku a tafin hannu. Ko alamar sanyi babu a jikinta.

Nan kuku ya yi tsuru-tsuru, gumi ya feso masa a goshi. Ya saki magana da sauri har Doguwa ta ce ya bi a hankali. Ashe firjin tsoho ne, ƙanƙara tana cushe shi, don haka duk mako yakan zare wayarsa bayan an gama abincin dare, ta narke ya wanke da safe. Jiya ma haka ya yi, ya manta sarai da akwatin baƙuwa a can ƙasa, daidai inda ruwan yake taruwa. Da ya shigo shida da rabi ya tarar da ruwa ya malale ɗakin, akwati kuma babu. Tsoron uwar masauki ya sa ya goge ya yi shiru.

"Auta, murfin akwatin nan yana rufuwa da kyau?"

"Tun da ya faɗi a kan dutse ba ya kamawa sosai, Kawu."

Ta faɗa, sai kuma ta gane abin da ta faɗa, ta sake fashewa da kuka. Kawu ya dafa kafaɗar kuku. Mutumin ya yi ɓarna, amma ba shi ya ɗauki akwatin ba, kuma ya ba Kawu abin da yake so: kafin shida da rabi aka ɗauka, kuma a cikin ruwa aka tsamo shi.

* * *

A bayan kicin raɓa ta jiƙa turɓaya, komai ya fito raɗau. Sawu biyu ne suka fita daga ƙofar. Kawu ya bi na farko, mai zanen takalmin gudu, ya sa Doguwa a gaba su biyu kawai. Yarinyar tana tafe tana haɗiyar yawu, don ta san kowa ya san cewa wanda akwatinsa ya fi kyau a ajinsu za a sake gayyatarsa baɗi, kuma ita da Auta ne a kan gaba.

Sawun ya miƙe har bakin tafki, ya tsaya a gindin wata bishiya. Kawu ya zagaya wurin sau biyu, hannuwansa a baya.

"A nan kika tsaya."

"E, Kawu. Iska na fito sha."

"Iska. To kin sha ta da yawa, don kin fi rabin awa. Ga inda kika yi ta zane da kan takalmi. Ga inda kika juya a kan dunduniya, sau ɗaya, biyu, uku. Nan kuma kin jingina da bishiya kin ɗage ƙafa ɗaya." Ya ɗago ya dube ta. "Mai ɗauke da kayan sata ba ya tsayawa yana rangwaɗa. Waye yaron?"

Doguwa ta rufe fuska da hannu biyu. Da ƙyar ta ce wani ɗan jami'arsu ne a gida, a waya suke magana, ko Auta ba ta sani ba tukuna.

"Yana da sana'a?"

"Yana karatun likitan dabbobi."

"To madalla. Ban ji komai ba, ban ga komai ba. Kin ga wani lokacin da kika fito?"

Ta ce ba ta ga kowa ba, amma ƙofar bayan a buɗe ta same ta. Suka dawo tana ta murmushi ita kaɗai, har ta manta ana zarginta.

Na direba bai ɗauki minti biyu ba. Sawunsa daga ɗakinsa zuwa mota ne kawai, kuma da aka buɗe but ɗin babu komai sai tayar safaya da wata jarka. Duk da haka ya dage sai an ɗaga tayar an duba, don a wanke shi a gaban kuku.

* * *

Saura sawu na biyu. Silifas ne, babba, na namiji, ya nufi lambun kayan miya. Kawu ya tsuguna yana nazarinsa da fuskar manya, yana yi wa Doguwa bayani: tsohon silifas ne, dunduniyar dama ta cinye, an ɗaure igiyar na hagu da waya, ga shatin wayar nan a kowane taku. Mai shi kuma, in ji shi, mutum ne marowaci da ba ya son sayen sabo.

Doguwa ta dubi sawun, ta dubi ƙafafunsa.

"Kawu, ɗaga ƙafarka ta hagu."

Ya ɗaga. Waya ta yi ƙyalli a rana.

Dariyar da yarinyar nan ta yi sai da ta zauna a ƙasa. Uwar masauki ta leƙo ta taga, aka fassara mata, ita ma ta kama. Kawu ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama yana jin kunya irin wadda bai ji ba tun yana sabon ma'aikaci, sannan shi ma ya tuntsire. Da ya nutsu sai ya taka nasa sawun kusa da wancan. Nasa ya nutse a dunduniya. Wancan kuwa gaba ne kawai ya nutse, bayan silifas ɗin yana jan ƙasa fanko, takun kuma gajere ne. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi. A bakin ƙofa ya bar shi jiya, wani ya zura ya fita ya dawo ya ajiye masa.

Ya ce wa Doguwa ta koma wajen ƙawarta, ya shiga lambun shi kaɗai.

Kunya tara ce a jere, an shuka tumatir da latas. Sawun bai taka kan ko ɗaya ba, daga kwari zuwa kwari yake tsallakawa. A kunya ta uku ƙafafun suka haɗu wuri ɗaya, ga kuma shatin gindin akwati a gefe, an ajiye shi an sake ɗauka. Kawu ya duba dalilin tsayawar. A kan kunyar akwai ciyawa guda huɗu, an tuge su, an kaɗe ƙasar jikinsu, an kwantar da su saiwa a sama don rana ta kashe su. A kunya ta shida ma haka. A ta takwas har an tallafe wani tumatir da ya kwanta da ɗan tsinke.

Ya daɗe a tsaye da ciyawar a hannunsa. Bayan lambun sawun ya hau kan ciyayi ya ɓace, amma bai damu ba. Ya juya ya dubi inda rana ta fito, ya dubi inda haskenta ya fara sauka, can bayan rumfar kwale-kwale. Sai kuma ya tuna cewa tun safe bai ji muryar ƙanwarsa ba, matar da mako guda ke nan babu abin da ta gani a ƙasar nan ba ta tofa albarkacin bakinta a kai ba. Dariya da tausayi suka kama shi lokaci guda.

* * *

Ƙarfe goma ya tara su duka a bakin lambun.

"Kowa ya tsallaka zuwa wancan gefen," in ji shi. "Ɗaya bayan ɗaya. Ba na son tambaya."

Direba ya yi tsalle biyu-biyu kamar ɗan makaranta. Kuku ya zagaya ta gefe. Doguwa ta taka kan kunya ta murƙushe latas, uwar masauki ta yi mata faɗan da babu wanda ya fassara. Auta ta wuce kai a sunkuye. Uwar masauki ta bi wata 'yar hanya da ita kaɗai ta sani.

"Innar yara, saura ke."

"Yaya, ni ƙafata ciwo take."

"Ki lallaɓa."

Inna ta tattare zaninta ta shiga. Kwari, kwari, kwari, ko kallon ƙasa ba ta yi. Ta yi ƙoƙari, a ba ta wannan, don har ta wuce kunya ta huɗu hannuwanta a naɗe a ƙirji. A ta biyar wata ciyawa mai faɗin ganye ta tsaya mata a hanya. Ta wuce ta da taku ɗaya, ta tsaya, ta dawo. Ta tuge ta, ta kaɗe, ta kwantar da ita saiwa a sama. Sai a lokacin ta ɗago ta ga yayanta yana nuna sauran tugaggun ciyayin da ke kan kunya ta shida.

"Na bi ɓarayi iri-iri," in ji Kawu, Doguwa tana fassarawa. "Na ga wanda ya sa takalmi a juye, na ga wanda ya ja reshe a bayansa. Amma ban taɓa ganin ɓarawon da zai ajiye kayan sata ya yi wa mai gida noma ba. Wannan ba ɓarawo ba ne. Manomi ne ya tashi da asuba neman ruwan sha, ya ga iri yana iyo a cikin ruwa. Duk wanda ya taɓa ajiye iri ya san in ya wuni a jiƙe ya tafi."

Auta ta juyo a hankali. "Inna?"

Inna ta zauna a kan kunya, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta.

"Takardun duk sun jiƙe, 'yar nan, suna narkewa a hannuna, rubutun ya zama shuɗin ruwa. Na ce bari in shanya kafin ki tashi, in ba ki mamaki. Na dawo zan faɗa miki sai na ji kin ce in an buɗe kin shiga uku." Muryarta ta karye. "Ni ban yi boko ba. Na ce shi ke nan, na zo ƙasar mutane na kashe miki karatu da hannuna. Bakina ya ƙi buɗuwa. Ga shi na bari ana zargin bayin Allah."

"Kin juye su duka?"

"Duka."

Auta ta dafe kai. Kawu ya ce a je a gani tukuna.

* * *

A bayan rumfar kwale-kwale akwai wani falalen dutse, rana ta dake shi tun fitowarta. An shimfiɗa farin mayafi a kai, an danne gefunansa da duwatsu saboda tsuntsaye, akwatin kuma yana kife a gefe. Inna ta ɗage shi a hankali.

Ga su nan, tsibi-tsibi ƙanana, layi huɗu, kowane layi sha biyu, tsakanin kowane tsibi da ɗan'uwansa taƙi ɗaya kamar an auna da igiya. Sun bushe ƙayau.

Auta ta durƙusa. "Inna, da wanne kika fara?"

"Da na gaban akwatin mana. Ina za ki fara shuka in ba daga bakin gona ba? Na ciro ɗaya, na juye, na matsa. Da layi ya ƙare a akwatin, na dawo na kama sabo."

"Ba ki tsallake ko ɗaya ba?"

Nan Inna ta manta da kukanta, ta harare ta. "Ni? Shekara nawa ina shuka kafin a haife ki?"

Auta ta zaro littafinta daga jaka. A jere ta shirya ambulan ɗin, daga ɗaya zuwa arba'in da takwas, kuma kowace lamba da zanen irinta a littafin. Ta duba na ɗaya: baƙi, mai ƙaya biyu. Tsibin farko ke nan. Ta tsallaka zuwa na sha uku, na ashirin da bakwai, na ƙarshe, duk sun dace. Ta ajiye littafin a kan dutsen ta faɗa jikin mahaifiyarta, suka yi ta kuka da dariya a haɗe.

Daga nan wuri ya kaure da aiki. Uwar masauki ta kwaso ambulan ɗin teburinta duka. Doguwa tana rubuta lamba, Auta tana dubawa, Inna tana kwashewa da gefen takarda ba ta barin ƙwaya ɗaya. Kuku ya wanke akwatin ya goge shi sau uku, ya kuma cika musu kwando da abincin hanya. Inna ta bi su ɗaya-ɗaya tana ba da haƙuri da Hausa, suna amsawa da yarensu, kowa ya fahimci kowa. Sha biyu da rabi motar ta tashi, ana waƙa a ciki har da direba, wanda bai san kalma ɗaya a waƙar ba.

* * *

Huɗu saura kwata suka shiga ofishin. Farfesa, wani dattijo mai furfura, har ya rataya jakarsa. Auta ta ajiye akwatin ta faɗa masa duk abin da ya faru, ba ta rage komai ba. Kawu yana tsaye a bakin ƙofa, ba ya jin yaren, fuskar mutumin kawai yake karantawa.

Farfesa ya buɗe ambulan ɗaya, ya zuba a tafin hannu, ya murza, ya shinshina. Ya buɗe ta biyu, ta uku. Ya sauke jakarsa ya zauna, ya jawo wata takarda ya sa hannu. Sannan ya miƙe ya fuskanci Inna, ya yi magana mai ɗan tsawo.

"Me yake cewa?" in ji Inna, tana laɓewa a bayan yayanta. "Faɗa yake?"

Auta ta share ido da bayan hannu.

"Ya karɓa, Inna. Ya ce akwati shida aka kawo masa bana da suka yi funfuna, nawa ne ya fi kowanne bushewa. Yana tambaya a wace makaranta kika koyi adana iri."

Inna ta fito daga bayan Kawu, ta gyara mayafinta, ta dubi dattijon ido cikin ido. Sannan ta dubi tukwanen furen da ke jere a bakin tagarsa, ta matsa ta tura yatsa a cikin ƙasar ɗaya.

"Ki ce masa na gode," in ji ta. "Ki kuma ce masa ruwa ya yi wa waɗannan yawa. Ya bar su kwana huɗu."

Auta ta fassara. Farfesa ya ɗauki biro ya rubuta a bayan hannunsa.